Ɗigo Bakwai a Gonar Baban Rahma

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 10:15 na safe

Abin da nake so guda ɗaya ne. Baban Rahma ya zauna ya faɗa mini abin da ke damunshi, da bakinshi, da Hausa, kamar yadda yake faɗa wa waccan. Shi ke nan. Ba atamfa nake nema ba.

Ya kama? Jan abin yana ƙiftawa, to ya kama ɗaukar muryata. Shi ya koya mini, wai in danna in yi wa Inna magana tunda ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Wannan kam ba Inna zan tura wa ba. Ba wanda zan tura wa. Ni Habsatou, daga Miriya ta Nijar aka kawo ni Highbridge a Bronx ta Amirka, hawa na biyar, shekara biyu ke nan, kuma yau ga ni ina hira da portabul, wayar hannu.

Sati uku ba ya cin abinci. Ya sa hannu a tuwo ya tsaya yana kallon bango. In na ce lafiya, ya ce lafiya lau. In portabul ɗinshi ya yi ƙara ya ga sunan Akua, sai ya miƙe ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Akua abokiyar aikinshi ce a jami'a, 'yar Gana. Awa guda ina jin muryarshi tana hawa tana sauka. Ashe yana da magana. Ni ce dai ba a yi wa.

Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce su wajen ɗari biyu ne a aikin, sun yi alkawari ba wanda zai faɗa wa na waje abin da injinsu ya gani sai ranar da aka sa. Wanda ya faɗa, a cire sunanshi daga takardar da za su fitar. Sunan nan shi ne aikinshi na baɗi. Aikin kuma shi ke riƙe da takardun zamanmu, ni da shi. Rahma ce kaɗai 'yar ƙasa a gidan nan, ga ta ko haƙori huɗu ba ta cika ba.

Akua tana cikin ɗari biyun. Ni ce ta waje.

Bari, Rahma ta tashi.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Akwai takarda da ya liƙa a jikin firji tun kafin in zo. Yau na tsaya ina kallonta kamar zan ci.

Lokacin ina amarya ya yi mini bayaninta, muna zaune a ƙasa don ba mu da kujeru. Ya ce duk abin da ido ke gani, taurari da ƙasa da mu, kaɗan ne. Akwai wani abu mai yawa da ba ya haske, ba ya inuwa, yana ratsa bango yana ratsa jikinmu ba mu ji, amma nauyinshi ne ke riƙe da taurari kada su watse. Dark matter suke ce mishi, wato abin duhu. Na ce, aljanu ke nan. Ya yi dariya har ya kwanta. Lokacin yana dariya.

Ya ce shi abin da yake zato, kowace ƙwaya da Allah Ya halitta tana da 'yar'uwar tagwaitaka mai nauyi wadda ba a taɓa gani ba. An ga Hassana, ba a ga Usaina ba. Supasimetiri, ko me. Wai ɗaya daga cikin Usainonin nan ita ce abin duhun. Shekara goma sha ɗaya yana lissafinta.

To sai suka haƙa... a'a, ba su suka haƙa ba, tsohon ramin zinariya ne can yamma, zurfinshi ya fi tafiya daga gidanmu zuwa kasuwar Miriya. Suka sa tanki a ƙasa cike da wani ruwa mai sanyi, ba na sha ba, suka zauna suna jira ƙwayar ta bugi ruwan ya yi ƙyalli. Jira kawai. Aikin ke nan.

A takardar akwai layi mai lanƙwasa kamar ludayi. Ƙarƙashin layin akwai wani fili da ya shafa wa kore. Ya ce nan ne kaɗai ya rage inda ƙwayarshi za ta iya ɓuya. Duk lokacin da injin ya jira bai ga komai ba, sai layin ya ƙara saukowa ya ci filin. Ni na sa mishi suna gonar Baban Rahma. Da na zo faɗin tafin hannuna ce. Yanzu yatsa biyu ta rufe ta.

Abin da ba ya gani ya fi ni samun kallo a gidan nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 6:05 na yamma

Minti hamsin da biyu yana ɗaki yana waya da ita. Na duba agogon murhu.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Ta zo. Yanzu ya raka Akua tashar tiren, jirgin ƙasa.

Ni na ce ya kawo ta, in gan ta da idona. Na yi dambun zogale, na yi miyar taushe, na sa leshina mai ruwan toka. Na ɗauka zan ga wata mai dogon farce. Sai ga gajeriyar mata da jakar baya da takalmin gudu, gashi a aske kamar ɗan makaranta. Kuma ta iya Hausa! Wannan bai taɓa faɗa mini ba. Wai a Kumasi kusa da Zango ta tashi. Hausarta duk a karkace, ba ta san mace ba ta san namiji ba.

Ta ce mini, "Madam, kai ne ka dafa wannan? Kai, ka iya!"

Na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe." Da gangan na ce haka. Ba ta gane ba, ta ƙara cokali.

Ta ɗauki Rahma, kuma munafukar yarinyar nan ta yarda, har da kama mata kunne tana dariya. Ni na yi naƙudarki awa goma sha tara, Rahma.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunan. "Harouna, miƙo ruwa." "Harouna, ka yi kuskure a nan." Haka, tsirara. Harouna. Ga shi na faɗa tunda ba kowa. Ni tunda aka ɗaura ban taɓa faɗin sunan nan a gabanshi ba. Ita kamar tana kiran ɗan akuya.

Da suka gama ci ta tsaya gaban firji, ta sa yatsa a kan gonar, ta dube shi. Shi ma ya dube ta. Ni ina riƙe da tire a bayansu kamar 'yar aiki. Wallahi da sun rungumi juna da ya fi mini sauƙi, da na san abin da zan kira shi.

Ba na zarginshi da wani abu. Allah Ya sani ba na zarginshi. Kawai dai.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 1:20 na rana

Na sauka hawa na biyu wajen Tanti Mariama, mai kitso, ita ce uwata a ginin nan. Mata huɗu a falonta.

Wata ta ce, "Ke mijinki dokta ne ko? Bayana ke ciwo."

Tanti ta ce, "Ba irin wannan ba. Shi doktan neman abin da babu ne."

Suka kwashe da dariya. Ta ce, "Boubacar ɗina in ya fita da tasi ya dawo, ko ba komai ya ɗauko mutum mai nauyi an gani. Naki shekara nawa yana nema?"

Na ce sha ɗaya.

"Sha ɗaya! 'Yata, ko allura ce a rairayi da yanzu ta soke shi."

Na yi dariya tare da su. Me zan yi? Sannan ta rage murya, amma yadda kowa zai ji, ta ce jiya Boubacar ya gan shi a tashar 170 da 'yar Ganar nan, sun haɗa kai a kan portabul ɗaya har tiren biyu suka wuce su.

Na ce aiki ne.

Ta ce, "I mana. Aiki."

Ban tsaya an yi mini kitson ba.

Jumma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 4:50 na yamma

Bari in zauna.

Ya dawo daga masallaci, portabul ya yi ƙara, ya miƙe zai shiga ɗaki. Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofar ba. Na ce, "Baban Rahma, in ka rufe ƙofar nan yau, ka saya mana tikiti ni da 'yata." Na ce an kawo ni ƙasar da ban san harshenta ba, na yarda. Amma a ce a cikin gidana ma akwai harshen da ban sani ba? Na ce ko kujerar ɗakin nan ta fi ni sanin mijina. Na yi kuka mai majina, ba mai kyau ba.

Sai ya kashe portabul ɗin. Ya kashe! Yana ƙara ya kashe. Ya zaunar da ni a ƙasa gaban firji, inda muka zauna da.

Ya ce, "Habsou, abin da zan faɗa miki, daga kunnenki sai kabari."

Na ce na rantse.

Ya ce an ga ƙyalli bakwai. Ɗigo bakwai, kuma daidai cikin gonar suka faɗo, inda lissafinshi ya ce. Shekara sha ɗaya, ɗigo bakwai.

Na ce, "To ka same ta ke nan!"

Ya ce a'a, tsaya. Wai suna da wata al'ada. Kafin a ba su abin da injin ya tara, akwai wanda ke zuba ɗigon ƙarya a ciki da gangan, ba ya faɗa musu guda nawa, don kada son zuciya ya sa su tsinci abin da suke so su gani. Gishiri suke ce mishi. Sai sun gama duk aikinsu sannan a cire gishirin a gaban kowa, a ga me ya rage. Ranar Laraba za a cire.

Na ce kamar Inna, da take zuba tsakuwa uku a wake ta ba ni tsinta, ta ga ko da gaske nake.

Ya ce kusan haka. Ya ce, "Wataƙila duka bakwai ɗin gishiri ne."

Shi dai haka yake. Ranar da aka ba shi dokta ma wataƙila ya ce. Ranar da na ce ina da ciki ya ce wataƙila. Ga wataƙilar can tana barci. Wane mahaukaci ne zai zuba ƙarya har bakwai daidai cikin gonar mutum?

Ya ci tuwo malmala biyu. Yanzu mu ɗari biyu da ɗaya ne.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 3:10 na rana

Na koma an yi mini kitson. Shuku. Yau ba wadda ta yi dariya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Na yi wa Inna saƙo. Ya ɗan yi tsawo. Ta daɗe tana tambaya wai me surukinta yake yi a Amirka da har yanzu bai gina ko ɗaki ɗaya ba.

Akua ta kira sau biyu yau. Na miƙa mishi portabul ɗin da hannuna, har na ce a gaishe ta. Ku rufe ƙofar, ni ma na san abin da ke ciki.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 12:45 na rana

Na je shagon 'yan Nijar sayen gero. Mai shagon, da ko kallona ba ya yi, ya fito daga bayan kanta. "Matar Dokta! Barka, barka. Allah Ya ɗaukaka Nijar." Ya ƙara mini dabino.

Na ce barka da me?

Ya sa yatsa a baki ya kashe mini ido.

Hawa biyar na hau da Rahma a baya, lif ya mutu, ban ji nauyinta ba. Ba komai. Gobe in aka cire gishirin kowa ma zai ji. Kwana ɗaya ne. Kwana ɗaya ba komai ba ne.

Ko?

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:25 na yamma

Gishiri ne.

Duka. Duka bakwai.

Ya shigo ƙarfe huɗu bai yi sallama ba. Ya ajiye jaka, ya ɗauki bik ɗin rubutu daga aljihu, ya je firji ya ja sabon layi da hannunshi, ƙasa da na da. Ya ratsa gonar. Abin da ya rage bai kai farcen Rahma ba.

Ya ce a wajen sauran wannan nasara ce. Ba injin da ya taɓa jira shiru mai tsabta irin wannan, yanzu duniya ta san inda ƙwayar ba ta. Wai har tafi aka yi. Ya ce shi ma ya yi tafi.

Na ce Akua fa?

Ya ce ita ta riƙe mishi hannu a ƙarƙashin tebur don kada a ga yana rawa.

Ko a wannan ita ce a wurin. Ni ina nan ina yanka albasa.

Sai ya zauna a ƙasa ya ɗora kai a gwiwata, abin da bai taɓa yi da rana ba. Ya ce ko ba komai sunanshi na kan takardar, wata mai zuwa za a sanar, da ita zai nemi aikin baɗi. Ya ce, "Alhamdu lillahi da ba wanda ya san na sa rai sai ke."

Na shafa kanshi. Hitar ɗumama ɗaki tana ta bugawa kamar ana daka.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe

Na ce wa Tanti ba ni da lafiya, kada kowa ya hawo.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 11:50 na safe

Akua ta zo. Ita kaɗai, shi yana jami'a. Yanzu ta sauka.

Ba ta zauna ba. Ta ciro portabul ta danna. Sai na ji murya tana cewa, "Inna, surukinki ya gano abin da Turawa ɗari biyu suka kasa, ɗigo bakwai, a ramin zinariya..." Har da kukan Rahma a baya. Muryata. Ban taɓa sanin haka nake da ƙarfin murya ba.

Ta ce uwarta ce ta samu, a Morris Heights, a gurup ɗin matan unguwarsu. Daga Damagaram ya je Yamai, daga Yamai ya je Kumasi, ya dawo Bronx, tasha biyu daga nan. Wani ma ya sa hoton Baban Rahma na ranar aurenmu a fesbuk da tutar Nijar.

Na ce, "To ai ƙarya ce ta fita. Gishiri ne. Ba gaskiyar ba ce."

Ta ce ba ruwansu. Adadin ya fita, daga cikin gida ya fita, kafin ranar. In wani ɗan jarida ya ɗauka, mutum ɗari biyu za su sha kunya. Litinin akwai miting na manyansu. In Harouna ya je da kanshi ya ce ga abin da ya faru, ga iya inda ya kai, wataƙila su tsaya a faɗa. In a waje suka ji, sunanshi ya tafi.

Wataƙila. Ita ma ta iya.

Na ce, "Kin ji daɗi ai. Je ki faɗa mishi. Ke ce mai faɗa mishi komai."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Ta ce, "Madam, kai wawa ne? Ni uwana da ya haife ni ban gaya mishi ba. Mijina ban gaya mishi ba, sati biyar muna faɗa a kan wannan. Cikin mu ɗari biyu, wanda na sani ya karya alkawari don matanshi, Harouna ne. Don kai."

Ashe tana da miji.

Ta ce, "Ba ni zan gaya mishi ba. Kai ne. Kuma kowa da kowa, kada ka rage ko ɗaya, sai ya san iyakan abin." Ta sumbaci Rahma a ka ta fita.

Ko alherinta haushi yake ba ni. Ta san abin da ya kamata, ta san ranar miting, ta san manyan. Ni hoton aure kaɗai na bayar.

Daga jami'a masallaci zai wuce. Masallacin da Boubacar yake. Da mai shago.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 12:20 na rana

Wannan saƙon kam zan tura maka shi. In na tsaya a gabanka bakina ba zai buɗe ba.

Baban Rahma. Harouna. Don Allah ka saurara kafin ka shiga masallaci, kada ka ji a bakin mutane suna yi maka barka.

Na faɗa. Abin da ka ce daga kunnena sai kabari, kwana ɗaya ya yi a kunnena. Ba don in cuce ka ba. Sun yi maka dariya, kuma ni sau ɗaya a rayuwata na san wani abu da wasu ba su sani ba. Gishirin ban faɗa musu ba, na ɗauka wataƙilarka ce ta kullum.

Akua ta ce sai ka san kowa kafin Litinin. To riƙe.

Tanti Mariama, ranar Asabar, tana yi mini kitso. Akwai mata biyu a wurin, Rafia matar mai nama da wata 'yar Togo, ita ba ta jin Hausa amma Tanti ta juya mata da Faransanci. Boubacar ya shigo ɗaukar makulli, shi ma ya ji. Inna, ranar Lahadi, a saƙo, kuma ka san portabul ɗinta a hannun Yaya Abdul-Razak yake, shi ne mai fesbuk. Nimatu ƙanwarka, ita ta kira ni, na ce kada ta faɗa wa kowa. Matar liman, a matakala, na ce ta sa Malam ya yi addu'a ranar Laraba.

Da Rahma. Ita na fara faɗa wa, tun ranar, ina yi mata wanka. Na ce babanki ya faɗa mini. Ni ya faɗa wa.

Su ke nan. Ban rage ko ɗaya ba.